Kayan ɗakinki da tafiya Ingila: me za ki ɗauka, me za ki bari?

'Yar uwa, idan biza ta fito kuma kina tsaye a tsakar ɗaki kina kallon gado da kujeru da jeren tukwane kina rasa ta inda za ki fara, ga yadda nake ba da shawara. Daga Kano na taso, yanzu ina zaune a Manchesta, kuma na ga kayan mutane da yawa sun iso nan, wasu an ji daɗinsu, wasu sun zama nauyi a wuya.

Ki fara da tambayar maigida ko wanda ya kama muku gida: me ke cikin gidan? Gidajen haya da dama a nan ana ba da su da murhu da firij da injin wanki, wasu har da gado da kujeru. Ki ce a ɗauko miki bidiyon kowane ɗaki da matakalar bene, a kuma auna miki ɗakin kwana. Wannan bidiyon kaɗai zai raba ki da rabin gardamar. Gadonmu na aure mai ƙafa shida da shida ya fi gadon miji da mata na nan, wanda faɗinsa santimita 135 ne, tsawonsa 190. Tsofaffin gidajen da ke jere manne da juna matakalarsu siririya ce mai lanƙwasa, katifarki ba za ta hau ba. Ko ta hau, ƙofar ɗakin ba za ta buɗu sosai ba. Gado, katifa, kujeru, durowa, duk a bar su. Za ki sami na hannu masu kyau a shafukan saye da sayarwa na intanet irin Facebook Marketplace da Gumtree, da kuma shagunan ƙungiyoyin agaji irin British Heart Foundation, wani lokaci ma kyauta idan za ki je ki ɗauka da kanki.

Murhun gas ma ki bar shi. Namu da tukunyar gas yake aiki, na nan kuwa gas ɗin bututu ne, ba iri ɗaya ba ne, kuma doka ba ta yarda kowa ya haɗa shi ba sai ma'aikacin da ke da rajistar Gas Safe, wato rajistar masu izinin aikin gas. Ƙananan kayan wuta kuwa kin yi sa'a: wutar Najeriya da ta Ingila ƙarfinsu ɗaya, wajen volt 230, filogin ma mai baki uku ne, don haka bilandarki da dutsen guga za su yi aiki. Mai zuwa Amurka ko Kanada ita kam kada ta ɗauki ko ɗaya, wutarsu 120 ce.

Ga lissafin da nake so ki yi wa duk abin da kike kokwanto a kansa. Ki auna nauyinsa, ki tambayi masu kago nawa suke karɓa a kilo, ki ninka. Sai ki duba nawa ake sayar da irinsa na hannu a garin da za ki. Wanda ya fi sauƙi shi ne amsar. Amma ki sani kagon jirgin sama ba nauyi kaɗai ake caji ba, har da girman kwali. Suna ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita su raba da 6000, wasu kamfanonin da 5000. Kwali mai 60 da 50 da 40 za a lissafa shi kilo 20 ko da matasan kai ne kawai a ciki. Shi ya sa robobi da kuloli da bargo suke cin kuɗi ba gaira ba dalili. Kwantena ta ruwa kuwa sai kaya sun bi mota daga Kano zuwa tashar Apapa a Legas, sun yi makonni a teku, sannan a biya kuɗin fito da su a tashar Ingila. Ban ga amfaninta ba sai ga iyalin da suka tabbatar zama za su yi na shekaru kuma sun riga sun san gidan da za su shiga.

Idan za ku aiko da kaya daban, ku cike fom ɗin ToR1 na HMRC, hukumar haraji da kwastam ta Birtaniya, a intanet kafin kayan su tashi. Shi ne zai sa a yafe muku haraji, da sharaɗin kun zauna a wajen Birtaniya wata 12 a jere, kayan sun yi aƙalla wata 6 a hannunku, kuma ba za ku sayar ko ku ba da aronsu ba cikin wata 12 da shigowarsu. Ɗalibai suna da nasu tsarin daban.

Yanzu ga abin da ya cancanci wuri a akwatinki. Yawancin jirage suna ba da akwati biyu, kilo 23 kowanne, amma ki duba tikitinki. Ki cika su da abin da babu shi a nan. Tandar masa tana da nauyi, duk da haka ki ɗauka, domin ranar da yara suka tashi da kwaɗayin waina babu shagon da zai fisshe ki. Muciya, maburgi, madambaci, rariya mai laushi, faifai biyu. Turmi da taɓarya ki bar su. A bene na biyu daka ɗaya za ki yi maƙwabcin ƙasa ya ƙwanƙwasa miki ƙofa. A daka miki komai tun a gida: kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, yaji, daddawa, a ƙulle a leda biyu biyu, a rubuta suna a jiki. Daddawar ki ƙara mata roba mai murfi, in ba haka ba duk atamfofinki za su ɗauki warinta. Kilishi, dambun nama, man shanu da duk wani nama ko kayan madara an hana shigowa da su, za a ƙwace. Zuma an yarda har kilo 2.

Ɗinki yana da tsada sosai a nan, kuma telan da ya iya namu da wuya. Ki shiga Kantin Kwari da wuri, ki ɗinka kayan Sallah biyu naki da na yara, na yaran a saki ƙafa a bar musu wurin girma, maigida ya zo da shaddodinsa da hulunansa. Rigar sanyi da takalmin hunturu kuwa ki zo da guda ɗaya ta sauka daga jirgi, sauran ki saya a nan. Turaren wuta ki taho da shi da kaskon lantarki, amma ki sa kaɗan kaɗan ki buɗe taga, saboda na'urar gano hayaƙi da ke manne a silin tana ihu da ɗan hayaƙi kaɗan. Humra a akwatin da za a auna za ki sa ta, kwalba kada ta wuce mililita 500, jimilla kada ta wuce lita 2. Gwal, takardun makaranta, takardar aure, takardun haihuwa da katin rigakafin yara, waɗannan a jakar hannunki, kada su rabu da ke.

Abin da ya fi damuna shi ne kayan da aka bari. Kayan ɗaki dukiyarki ce, iyayenki sun yi shekaru suna tarawa, wata uwar ma adashi ta yi ta zubawa tun kina firamare. Mata da yawa kunya takan hana su sayarwa, sai a kulle a wani ɗaki da sunan za a dawo. Gara ta shiga katako, ɓera ya huda kushin, damina ta jiƙa katifa, wannan ya ari kujera don biki, waccan ta ari firij, ba a dawo da su ba, kuma babu bakin tambaya. Idan tafiyar ta wuce shekara biyu, ki je ki zauna da mahaifiyarki tun kafin dillaliya ta shigo gidan, kada ta ji labari a bakin wani. Ki ce, Umma, ga abin da nake tunani, me kika gani? Sau da yawa ita ce za ta ce a sayar a sayi gwal ko a ƙara a kama fili, ko a ajiye wa ƙanwarki da aurenta ya matso. Abin da kika bayar kyauta ki faɗa da bakinki kyauta ne. Abin da ajiya ne ki rubuta shi a takarda, ki ɗauki hotonsa, ki bar kwafi ɗaya a hannun wanda kika ba amanar, ɗaya a wajen Umma.