Haɗa na'urorin gida da mota ta manhaja: wuraren da aka fi yin tuntuɓe

Abin da ke jan mutane cikin wannan harka bai wuce hoto ɗaya ba: ka karyo kwanar layinku da daddare, get ya buɗe da kansa, fitilar gareji ta kama, falo ya fara sanyi kafin ka cire takalmi. Manhajoji irin su Home Assistant, SmartThings, Google Home, Alexa da IFTTT duk da wannan alkawari suke zuwa, kuma dokarsu ɗaya ce: idan kaza ya faru, a yi kaza. Sauƙin rubuta wannan doka shi ke sa a manta da tambayar da ta fi ta muhimmanci, wato me zai faru ranar da manhajar ta yi kuskure, ko intanet ta yanke, ko aka ɗauke wuta.

Babban kuskuren shi ne a bar alama ɗaya tak ta buɗe ƙofa. Akan zana da'ira a taswira kewaye da gida, a Home Assistant mita 100 ce daga tsakiya idan ba ka canja ba, sai a ce da zarar waya ta shiga da'irar a buɗe get. To, GPS ba awon tela ba ne. Wayar da ke ajiye a gefen gado, ƙarƙashin rufin kankare da bulo, tana iya nuna ta fita unguwa ta dawo alhali ko motsi ba ta yi ba, sai get ya wangale ƙarfe biyun dare. Ko ka dawo daga masallaci a ƙafa, a buɗe maka ƙofar mota da ba kowa ya nema ba. Gyaran shi ne a tara shaidu: waya ta shiga da'ira, tana haɗe da Bluetooth ɗin motar ko CarPlay ko Android Auto, tsarin da ke haɗa waya da allon mota, kuma ta yi aƙalla minti goma a waje. Ni ko da hakan ban cika yarda ba. Na fi son manhaja ta turo saƙo mai maɓalli, in taɓa sannan get ya motsa. Fitila ta kama bisa kuskure asarar 'yan kwabbai ce, ƙofa kuwa zance ne daban. Kuma duk get ɗin da zai rufe kansa a sa masa idon nan mai tsayar da shi idan wani abu ya gitta, don yaro ba ya jiran manhaja.

Ƙanin wannan kuskure shi ne dokar "idan na fita a kashe komai". Maigida ya tafi aiki, fanka ta tsaya a kan uwargida da yara, tsohuwa na ɗaki ba ta san abin da ya faru ba. Waɗanda suka tsara manhajojin sun fi sabawa da gidan mutum biyu, kowa da wayarsa. A gida mai jama'a sai dai a ce idan babu kowa, kuma a tabbatar da hakan da na'urar jin motsi, tunda ba kowa ke riƙe da babbar waya ba. Idan kuma doka ta ƙi aiki sam, kafin ka zargi na'ura duba wayarka. Tecno, Infinix da Xiaomi sukan kashe manhajar da ke aiki a ɓoye don tattalin batir. Cire manhajar daga wannan tsari, ka ba ta izinin sanin wuri a kowane lokaci.

Sai batun gina gida a filin aro. Yawancin soket da kwan fitila masu araha na Wi-Fi, idan ka danna maɓalli a waya, umarnin sai ya je kwamfutocin kamfani a wata ƙasa kafin ya dawo ɗakinka. A watan Afrilun 2022 kwamfutocin Insteon, wani kamfanin na'urorin gida, suka mutu ba sanarwa, manhajar masu na'urorinsa ta daina aiki, sai bayan wani lokaci wasu masu amfani da kayan suka sayi kamfanin suka farfaɗo da shi. A ƙarshen 2023 kamfanin Chamberlain ya toshe hanyar da manhajojin waje ke bi su buɗe ƙofofin gareji na myQ, Home Assistant ya haƙura ya cire haɗin. A Oktoban shekarar Mazda ta aika takardar ƙorafin haƙƙin mallaka, aka sauke haɗin da wani mai sa kai ya rubuta wa motocinta. Ɓangaren mota ba ka da yadda za ka yi, bayananta ta hannun kamfani suke bi. Ɓangaren gida kuwa zaɓi na hannunka: sayi kayan Zigbee ko Z-Wave, hanyoyin da na'urori ke magana da juna a cikin gida ba sai da intanet ba, ko masu tambarin Matter, ƙa'idar da Apple, Google, Amazon da Samsung suka mara wa baya ta fito a 2022, ka ajiye ƙwaƙwalwar tsarin a cikin gida. Kada buɗe get ya dogara da amsar kamfanin mota shi kaɗai.

Mai tokumbo yana da tasa damuwar. Motar da aka yi don kasuwar Amurka tana ɗauke da layin waya na can a cikinta, kuma galibi hidimar ba ta tsallake iyakar ƙasashen da aka yi wa rajista. Da yawa daga tsofaffin ma tun 2022 suka kurumce, lokacin da kamfanonin sadarwar Amurka suka rufe 3G. Mutum zai kwana yana fama da manhaja a Kano ko Maraɗi, alhali motar ba ta da bakin magana. Mafita mai sauƙi ita ce Bluetooth ɗin waya, ko na'urar bin sawu mai layin gida. Idan kuma hidimar tana aiki, tabbatar an cire asusun tsohon mai motar, in ba haka ba yana ganin inda take kwana. Kai ma ranar sayarwa ka cire naka.

Mota tana barci, kuma ana so ta yi. Duk lokacin da manhaja ta tambaye ta ina kike, nawa ne cajinki, wasu motocin sai sun tashi kwamfutocinsu kafin su amsa. A sa tambayar kowane minti ɗaya, ƙaramin batir mai bolt 12 ya yi ta zuba, a wayi gari mota ta ƙi tashi. Ko motar lantarki da wannan ƙaramin batir take farkawa. Tazarar rabin awa ta wadatar idan tana fake, a matso da ita lokacin caji ko tafiya kawai. Tesla ma a 2025 ta fara karɓar kuɗi daga masu manhajoji gwargwadon yawan tambayoyin. Na'urar da ake sokawa a ramin OBD, ramin gwajin mota da ke ƙarƙashin sitiyari, ita ma tana shan wuta ko mota a kashe take, don haka a zare ta idan za a yi doguwar ajiya.

Doka ɗaya ce zan ce kada a rubuta ta ko da wasa: tayar da injin mota a kan lokaci, misali kullum bakwai saura kwata. Ranar da gareji ke rufe, hayaƙin da zai taru shi ne dai wanda ke kashe iyali idan aka kwana da janareto a cikin gida, ba launi ba wari.

Wutar lantarki kuwa ita ce jarrabawar da littattafan kamfanoni ba su yi tanadinta ba. Kayan da aka yi wa bolt 120 na Amurka, a soka su a namu mai 230, sau ɗaya suke yin aiki. Karanta jikin na'urar. Soket mai amfiya 10 ba na injin jan ruwa ba ne, ba kuma na cajin mota na awanni ba. Irin wannan nauyi mai wayarin ne zai sa masa babban makunni, ƙaramar na'urar ta zama mai ba da umarni kawai. Duba kuma abin da kowace na'ura ke yi idan wuta ta dawo: kwan fitila da yawa kamawa suke yi, sai ɗakin barci ya haske tsakar dare. Ana iya canja wannan a saiti. Dokar kunna na'urar sanyaya ɗaki idan ka doso gida, ƙara mata sharaɗin cewa akwai wutar gari, kada ta tsotse batiran inbata kafin ka iso. Raspberry Pi 4, ƙaramin kwamfutan da mutane da yawa ke ɗora Home Assistant a kai, ba shi da agogo mai batir, idan ya tashi babu intanet lokacinsa kan rikice, kuma yawan ɗaukewar wuta na lalata katin ajiyarsa. Ɗora shi da rauta, wato na'urar Wi-Fi, a kan inbata, ka riƙa adana kwafin saitinka a wani wuri.

Na'ura ta ƙi haɗuwa da Wi-Fi? Yawancinsu zangon Wi-Fi na 2.4 GHz kawai suke ji, ba sa ganin na 5 GHz. Kayan Zigbee kuma miƙa wa juna saƙo suke, kashe kwan fitila ɗaya daga makunnin bango na iya yanke na ɗakin baya.

Kalmar sirrin asusun mota mukullin mota ce. Kada ka miƙa ta ga duk manhajar da ta nema, ka kunna tabbaci mai mataki biyu. A 2016 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Mirai ta yi amfani da kalmomin sirrin da kamfanoni ke sakawa tun daga masana'anta ta mamaye kyamarori da rautoci, saboda masu su ba su canja ba. Umarnin buɗe ƙofa da murya ma a sa masa lambar sirri, don na bakin taga shi ma yana da murya.

Kafin ka ce an gama, zaɓi wata Asabar ka zare intanet, ka gwada get, fitilu da makulli. Sannan ka kashe wutar gidan gaba ɗaya ka sake gwadawa. Kowane injin get yana da ɗan mukullin da ke sakinsa a tura da hannu. Nuna wa mai gadi da uwargida inda ake soka shi, ka ajiye ɗaya a aljihun mota.