Yadda Za Ka Zaɓi Estanal Mai Ƙarko, Ka Kuma Gwada Ta Kafin Ka Zuba Mata Aikinka

Mai ɗaukar bidiyon biki a Tudun Wada, ɗalibin Kadpoly mai rubuta furojet, da mai shagon buga takardu a Kawo, dukkansu a Kaduna, abu guda ke kai su neman estanal: laftop ta cika, ko kuma ana fargabar ta mutu da aiki a cikinta. Estanal ita ce ƙaramar na'urar ajiyar nan da ake jona wa kwamfuta ta kebul ɗin USB. A shago, abin da za a fara nuna maka shi ne kaurin robar da ke jikinta. Robar tana da nata amfani, amma ƙarko ya fi dogara ga abin da ke ciki, da kuma ko ta gaske aka sayar maka.

Mataki na farko: auna kayanka

Duba girman foldojin da kake son adanawa, ka ninka biyu. Takardu da hotunan waya ba su cin wuri: hoto mai 5MB, sai ka tara wajen dubu ɗari biyu kafin su cika 1TB. Bidiyo ne mai haɗama. Awa guda ta bidiyon 4K daga kyamarar da ke ɗauka a 100Mbps tana cin kusan 45GB, ke nan ɗaurin aure da kamu da walima na biki ɗaya sun isa su tashi da ɗaruruwan GB. Ɗalibi ko malamin makaranta, 1TB ta wadatar. Mai bidiyo ya fara daga 2TB zuwa 4TB.

Idan ka jona 1TB Windows ta nuna maka 931GB, ko 2TB ta nuna 1.81TB, ba a cuce ka ba. Kamfani yana ƙirga da dubu-dubu, Windows kuma da 1024.

Mataki na biyu: mai faifai ko marar faifai

Iri biyu ne a kasuwa, kuma a nan ake yawan yin zaɓen tumun dare.

Ta farko, HDD, tana da faifai a ciki mai juyawa, galibi sau 5,400 a minti, da wata 'yar allura da ke shawagi a samansa tana rubutu da karatu. Tazarar da ke tsakanin allurar da faifan ba ta kai ko kusa da kaurin silin gashi ba. Shi ya sa in ta zame daga kan tebur tana cikin aiki, allurar kan karce faifan, abin da ke wurin ya tafi. Amfaninta araha: da kuɗi kaɗan kake samun wuri mai yawa. Gudunta bai cika wuce 100 zuwa 130MB a daƙiƙa ba. Yawancin manyan ciki na yanzu ana rubuta su da wata dabara da ake kira SMR, inda layukan rubutu ke hawa kan juna kamar jerin kwanon rufi. Saboda haka in kana zuba mata kaya masu yawa a zama ɗaya, za ka ga gudun ya faɗi warwas bayan wani lokaci. Ba lalacewa ta yi ba, halinta ne.

Ta biyu, SSD, babu abin da ke motsi a cikinta. Girgizar keke-napep da ramukan hanya ba su dame ta ba, kuma irin su Samsung T7 suna kai wa wajen 1,000MB a daƙiƙa in bakin kwamfutar ya dace. Sai dai tana da tsada, kuma tana da aibi biyu da masu shago ba su faɗa. Ta kan mutu farat ɗaya ba tare da gargaɗi ba, kuma ceto fayil daga cikinta ya fi wuya. Sannan in aka jefa ta a durowa shekara da shekaru babu wuta, musamman a ɗaki mai zafi, cajin da ke riƙe bayanan yana iya zurarewa a hankali.

Hukuncin a taƙaice: wadda za ta riƙa yawo a jaka kullum, daga gida zuwa wurin aiki ko a jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, SSD ta fi. Wadda za ta zauna a gida tana karɓar kwafin ajiya, HDD ta isa, ragowar kuɗin ka ƙara ka sayi ta biyu.

Mataki na uku: karanta kwali da idon basira

Kamfanoni uku kaɗai suka rage a duniya masu ƙera HDD: Seagate, Western Digital da Toshiba. Duk wani suna da ka gani a jikin estanal mai faifai, Transcend ne, ADATA ne ko LaCie, faifan ɗaya daga cikin ukun nan ne a ciki, rigar ce tasu. Rigar kuwa ba abin rainawa ba ce. Transcend StoreJet 25M3, ADATA HD710 Pro da LaCie Rugged duk an naɗe su da roba mai shanye bugu, yayin da WD Elements, Seagate Expansion da Toshiba Canvio Basics ƙoƙon roba ne kawai marar kariya.

In ka ga an rubuta IP da lambobi biyu, ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. Lamba 6 a farko na nufin ƙura ba ta shiga sam, abin da ke da muhimmanci ga wanda ya san yadda hazon hunturu ke lulluɓe komai daga Disamba zuwa Fabrairu. Lamba 5 a ƙarshe feshin ruwa ne, 7 kuwa nitsewa cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin awa. In irin mai marfi a baki ce, kariyar ba ta aiki sai marfin yana rufe. Gwajin faɗuwa na soja da ake tinƙaho da shi, MIL-STD-810G, daga tsawon kamar santimita 122 ne, kuma na'urar tana kashe. Babu robar da za ta ba da tabbacin ceton faifan da ya sha ƙasa yana juyawa.

Sai baki da kebul, inda estanal da yawa ke fara ciwo. Nemi USB 3.0 ko sama da haka. A bakin USB 2.0, kwashe 100GB zai ci kusan minti 50, a USB 3.0, wanda galibi shuɗi ne daga ciki, kwata ɗaya na awa ya isa. Yawancin masu faifai suna da bakin nan mai faɗi da tsaga a tsakiya, Micro-B, wanda ke saurin yin lako-lako in ana naɗe kebul a jiki ba a cire ba. A ƙananan estanal na WD, bakin a manne yake da allon faifan kansa, don haka in ya karye ba za a ciro faifan a sa shi a wani gida ba, sai mai gyara ya yi aikin dalma. USB-C ya fi jure cirewa da sakawa.

Mataki na huɗu: je shago da laftop ɗinka

Ko a Ahmadu Bello Way za ka saya, ko a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ko ta intanet za a aiko maka daga Legas, tarko biyu ne.

Na farko jabu. Ana ɗaukar ɗan katin memori ko guntun filashi a manna cikin gida mai kyau, wani lokaci har da ƙarfe don ta yi nauyi, a sauya mata lissafi ta riƙa gaya wa kwamfuta cewa 2TB ce ko ma 16TB. Za ta karɓi fayiloli, sunayensu su bayyana lafiya lau, amma da zarar an wuce ainihin girmanta sai sabo ya riƙa hawa kan tsoho. Ranar da ka buɗe bidiyon, ba ya buɗuwa. Alamarta ta farko farashi: SSD mai 2TB da kuɗin filashi, araha ba ta ado. In kuma an ce mai faifai ce, ɗora tafin hannu a kai bayan an jona. Ta gaske za ka ji ɗan kaɗawa da ƙaramin sauti kamar na fanka daga nesa.

Na biyu tsohon faifai a sabuwar riga, wanda aka ciro daga laftop 'yar gwanjo. Maganinsa manhajar CrystalDiskInfo, kyauta ce, ka sauke ta tun daga gida. Jona estanal ɗin a gaban mai shago ka duba layin Power On Hours, wato awannin da ta yi tana aiki. Sabuwa ba za ta wuce 'yan awanni ba. Sai layukan 05, C5 da C6, masu ƙirga gurabun da suka lalace ko suke shirin lalacewa: ainihin adadin da ke ginshiƙin ƙarshe ya zama sifili. In manhajar ta nuna rawaya maimakon shuɗi, mayar masa da kayarsa. Gwanayen algus suna iya share wannan lissafi, don haka ka haɗa da lambar siriyal: ta jikin kwali, ta jikin na'ura, su zama ɗaya, sannan ka shigar da ita a shafin garanti na kamfanin ka ga ko ya san da ita. Garantin masu faifai yawanci shekara 2 zuwa 3 ne, kuma na'ura yake musanyawa, ba ya dawo da fayil.

Ɗan kasuwa na gari ba ya jin haushin gwaji. In ka ce, “Alhaji, a ba ni minti biyar in jona ta,” ya ce sai an biya tukuna, ku yi yarjejeniya a rubuce a kan rasit, da lambar siriyal, cewa za ka iya dawo da ita cikin kwana biyu ko uku.

Mataki na biyar: cika ta maƙil kafin ka amince

Kwanakin nan na wannan gwajin ne. Manhajar H2testw a Windows, ko F3 a Mac da Linux, tana rubuta bayanai har na'urar ta cika, sannan ta karanta su ta kwatanta. Jabu ba ta tsallake wannan, haka ma faifai mai rauni. 1TB mai faifai tana cin kamar awa uku a rubutu, uku a karatu. Yi shi a laftop mai batiri mai kyau, ko lokacin da inbata ke aiki, don in NEPA ta ɗauke a tsakiya sai an sake daga farko. Hana laftop ɗin yin barci, ka kuma ajiye estanal ɗin a kan tebur inda iska ke kaɗawa, ba kan katifa ba.

Mataki na shida: fomat

Fomat shi ne tsarin da estanal ke jera fayiloli da shi. In Windows kaɗai kake amfani da ita, bar estanal ɗin a NTFS, ta fi jure yankewar wuta. Tsakanin Windows da Mac, exFAT, amma ita ba ta yafe fizge kebul. Guji FAT32, ba ta karɓar fayil ɗaya da ya wuce 4GB.

Mataki na bakwai: kada ta zama ita kaɗai

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne a kwashe komai zuwa estanal sannan a goge na laftop don a sami wuri. Wannan ƙaura ce, ba ajiya ba, har yanzu kwafi ɗaya gare ka. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. A aikace: na laftop, na estanal, sai na uku a wata estanal da ke gidan yayanka a Barnawa ko a ofis, don ɓarawo ko gobara ko ambaliyar damina ba su zaɓar abin da za su ɗauka. Takardun da ba su da madadi, irin su takardun fili, sakamakon jarrabawa da furojet, su shiga Google Drive ma, 15GB ɗin kyauta ya ishe su.

Kada ka dogara da tunawa. File History a Windows da Time Machine a Mac suna kwafa da kansu duk lokacin da aka jona, FreeFileSync kuma tana kwafe abin da ya canza kaɗai. Ware rana guda a mako, misali Juma'a da yamma. In an gama, cire ta, domin bairos mai kulle fayiloli yana bin duk abin da ke jone. Kuma estanal ɗin ajiya ba ta zuwa shagon buga takardu, can ne ake kwaso bairos ɗin da ke ɓoye foldoji ya bar gajerun hanyoyi na bogi. Ɗan filashi ya je wannan aike. In za ka sa mata kalmar sirri da BitLocker ko VeraCrypt, rubuta makullin a takarda ka adana, in ya ɓace babu mai buɗe maka.

Riƙo, da ranar da ta fara ciwo

Yawancin masu faifai an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 5 zuwa 35, zafin Maris da Afrilu kuwa a Kaduna yakan kai nan tun a inuwa, balle cikin mota a rufe. Kada a motsa ta tana aiki, kuma a sallame ta daga kwamfuta, wato a danna Eject, kafin a zare kebul. In tana ɗan ƙara tana ɗaukewa tana dawowa, fara da canza kebul da baki: USB 2.0 yana ba da 500mA ne kawai, USB 3.0 kuma 900mA, sau da yawa yunwar wuta ce, musamman a bakin gaba na babbar kwamfuta.

In an canza duka amma tana ta ƙas-ƙas-ƙas, allura ce, cire ta nan take, kowane jonawa yana ƙara karce faifan. Kada a buɗe ta a teburin mai gyaran waya, ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar allurar girma, kuma kada a sa ta a firij. In Windows ta ce sai an yi fomat kafin a buɗe, ka ƙi. Muddin faifan yana juyawa lafiya, TestDisk ko PhotoRec kan iya fito da fayilolin, amma a sauke su a kan wata na'urar daban, ba kan marar lafiyar ba.