Yadda matashin Zango a Kumasi zai koyi sana'a, ya samu takarda, ya kama aiki ba tare da digiri ba

A unguwannin Aboabo, Asawase, Sawaba da Sabon Zango akwai samari da 'yan mata da yawa waɗanda karatu ya tsaya musu a sakandare, wasu ma ba su kai can ba, amma hannunsu ya iya aiki. Inda suke cijewa shi ne ranar da kamfani ko ɗan kwangila ya ce a kawo shaida. Mutum ya yi shekara huɗu a ƙarƙashin mota, abin da zai nuna bai wuce hoton bikin yaye ba. Ga yadda ake bi a haɗa ƙwarewar da takardar da ƙasa ta amince da ita.

Fara da sunanka

Kafin ka taka kowane shago, ɗauko Ghana Card ɗinka, da takardar haihuwa, da sakamakon BECE, wato jarrabawar gama ƙaramar sakandare, idan kana da shi, ka jera su. Sunan da ranar haihuwar su zo daidai harafi da harafi. Wannan matsalar ta fi damun mutanenmu: a wannan takarda Abubakar, a waccan Bukari, a wata Mohammed, a wata Mahamadu. Duk sunan da ka ba wurin rajistar jarrabawa shi za a buga a takardar shaidarka, kuma idan ya saɓa wa na katin, banki da hukumar fansho ta SSNIT za su mayar da kai. Ka je ofishin NIA, hukumar da ke ba da Ghana Card, na gundumarku a gyara tun yanzu. Wani gyaran sai da takardar rantsuwa, kuma yana cin lokaci.

Zaɓi sana'ar da ake nema

Kada ka shiga sana'a don kawai ɗan uwanka yana da shago. Ware mako guda ka zaga. Suame Magazine, unguwar gareji-gareji, na da kanikawa, masu walda, masu fenti, masu wutar mota da masu juya ƙarfe. Kafintoci suna Sokoban, inda aka mayar da su daga Anloga. Teloli da masu gyaran waya suna cike da Kejetia da Adum. Duba wane shago ne masu kawo aiki ke jira a layi, wane ne kuma yara ke zaune suna hira. Motocin yanzu kwamfuta ke sarrafa su, don haka mai wutar mota da ya iya karanta na'urar gano matsala ya fi wanda ke lalube da fitilar gwaji kasuwa. A gine-gine kuma ana neman masu tayil, famfo, almini, sola da gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki. 'Yan mata su sani babu dokar da ta tsare su a ɗinki da kitso.

Yaron da ya gama ƙaramar sakandare yanzu, gara iyaye su sa makarantar fasaha irin Kumasi Technical Institute cikin zaɓinsa, domin karatun kyauta ya haɗa da makarantun fasaha na gwamnati.

Masta da yarjejeniya

A nan aka fi yin asara, kuma a nan iyaye suka fi sakaci. Dokar yara ta 1998 ta ce ba a ɗaukar ɗan koyo sai ya kai shekara 15 ko ya gama karatun matakin farko, wato har ƙaramar sakandare, kuma aiki mai haɗari sai ɗan shekara 18. Ta ɗora wa mai koyarwa nauyin koyar da yaro da gaske, da kula da lafiyarsa a wurin aiki. Idan rigima ta tashi, jami'in ƙwadago na gunduma ne ke shiga tsakani.

Kafin a biya ko sidi ɗaya, uba ko kawu ya je shagon sau biyu ko uku ba tare da sanarwa ba. A ƙirga yaran, a ƙirga kayan aikin. Shagon da ke da yara goma sha biyar da injin walda ɗaya, sabon shiga zai shekara yana ɗebo ruwa da zuwa aike. A tambayi masta, wato mai koyarwar, yara nawa ya yaye, kuma ina suke yanzu. Wanda ya iya koyarwa zai nuna maka shagunansu. A kuma tambaya ko yana cikin ƙungiyar sana'arsa, kamar ƙungiyar masu gareji ta ƙasa, ko ta teloli wato GNTDA, ko ta masu gyaran gashi wato GHABA. Wannan na da muhimmanci, saboda shirye-shiryen horo na gwamnati galibi ta hannun ƙungiyoyin nan suke bi.

Sai a rubuta yarjejeniya. Kunya kan hana mu, a ce ai Alhaji ne, ai maƙwabci ne. To, rubutun ne ma ke tsare zumuncin. Takarda ɗaya ta isa, a sa tsawon koyon, wanda yawanci shekara uku ne, da kuɗin shiga da na yaye da lokacin biyansu, da wanda zai sayi kayan aiki da takalmi da gilashin kare ido, da kuɗin abincin rana, da lokacin tashi, da izinin zuwa Juma'a. A ƙara sharaɗi ɗaya da mutane ke mantawa: masta zai saki yaro ya je aji da jarrabawar gwamnati idan lokaci ya yi. Masta, waliyyi da shaidu biyu su sa hannu, liman ko sarkin unguwa ya ajiye kwafi. Ba tare da wannan ba, shekara uku kan koma shida, domin ba kowane maigida ke son rabuwa da yaron da ya fara kawo kuɗi ba.

Kai kuma ɗan koyo, sayi littafi ka riƙa rubuta kowane aikin da ka yi da hannunka, da kwanan wata, ka ɗauki hotonsa kafin gyara da bayansa. Zai yi maka amfani wurin gwaji da wurin neman aiki.

Takardar ƙasa

Tun 2020 hukumar CTVET, wato hukumar ilimin fasaha da sana'a ta ƙasa, ce ke kula da takardun sana'a, kuma tsaninta hawa takwas ne. Biyu na ƙasa su ne National Proficiency I da II, waɗanda galibi gwajin aikin hannu ne da tambayoyin baki, don haka wanda bokonsa bai yi ƙarfi ba zai iya ci. Daga nan sai National Certificate I da II, sannan babbar difloma ta HND, har sama. Wanda ya daɗe da iya aiki ba sai ya koma farko ba: akwai tsarin RPL, inda masu tantancewa ke duba abin da ka riga ka iya su ba ka matakin da ya dace. Tambayi sakataren ƙungiyarku ko ofishin TVET Service, mai kula da makarantun fasaha na gwamnati, na yankin Ashanti yaushe ake rajista. Duk makarantar kuɗi da za ka shiga, ka ce a nuna maka shaidar CTVET ta amince da ita da kuma kwas ɗin kansa.

Mai wayarin gida yana da ƙarin mataki. Dokar wayarin lantarki ta 2011 ta wajabta lasisin hukumar makamashi, wato Energy Commission, kuma kamfanin wutar lantarki na ECG na neman sa hannun mai lasisi kafin ta ja wuta zuwa sabon gini. Marar lasisi shi zai yi wahalar, wani ya sa hannu ya karɓi rabo.

Idan kuɗin koyo ne matsala, leƙa ofishin hukumar matasa ta ƙasa, wato National Youth Authority, ka tambayi shirin koyon sana'a na ƙasa da aka ƙaddamar a 2025, da ofishin YEA, hukumar samar wa matasa aiki, a majalisar Asokore Mampong ko ta Kumasi. Fom ɗin irin waɗannan shirye-shirye ba a sayen sa a hannun dillali.

Neman aikin

Haɗa takarda shafi ɗaya: suna, lambar waya da ke aiki, sana'a, matakin shaida, da mutum biyu da za su tsaya maka. Yi rajista a ofishin ƙwadago, amma kada ka zauna jira. Je wuraren gini da sassafe ka nemi shugaban ma'aikata, ka nuna hotunan aikinka, ka yarda a gwada ka na kwana ɗaya ko biyu. Masu sayar da kayan gini da kayan gyaran mota sun san wanda ke neman hannu, ka bar musu lambarka.

Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ta waya, wato momo, kafin a ba ka aiki, ko ka kawo mutum biyu kafin a fara biyanka, rabu da shi. Mai kai mutane aiki ƙasar waje kuma dole ya nuna lasisin ma'aikatar ƙwadago.

Idan an ɗauke ka, dokar ƙwadago ta 2003 ta ce aikin wata shida ko fiye sai da yarjejeniya a rubuce, kuma kana da hutun kwana 15 na aiki a shekara. Na fansho, ana cire kashi 5.5 cikin ɗari daga albashinka, mai aiki ya ƙara kashi 13. A albashin sidi 1,000 ke nan, 55 daga gare ka, 130 daga gare shi. Bayan wata uku ka je ofishin SSNIT da katinka ka ga ko kuɗin na shiga, domin wasu na cirewa ba sa kaiwa. Idan ka tarar babu, fara yi wa mai aikin magana da takardar albashinka a hannu, in ya ƙi ka sanar da SSNIT da jami'in ƙwadago.