Yadda Za Ka Rage Dogaro da Linzami a Figma

Figma manhaja ce ta zana fasalin shafukan intanet da manhajoji. Fara da maɓallan da ake dannawa su kaɗai: V don zaɓe da matsar da abu, F don zana firam (filin da ake jera zane a ciki), R don murabba'i, T don rubutu. Hannun hagu ya zauna kan madannai, na dama kan linzami.

Kewaya shafi ne ya fi cin lokaci. Riƙe Space ka ja shafin inda kake so. Shift+1 na nuna maka komai gaba ɗaya, Shift+2 kuma ya kusanto da abin da ka zaɓa. Idan abubuwa sun shiga cikin juna, Enter zai kai ka ciki, Shift+Enter ya dawo da kai waje. Wannan kaɗai ya isa ya raba ka da laluben jerin abubuwan zanen da ke gefe.

Maɓallin kibiya na matsar da abu piksel 1, da Shift kuwa 10.

Matsalar da aka fi samu: ka danna V, sai harafin ya bayyana cikin rubutu, domin akwatin rubutun na buɗe. Danna Esc tukuna. A burauza kuma kiyaye Ctrl+W, shafin burauzar duka zai rufe. Masu Mac su yi amfani da Cmd maimakon Ctrl.