Kurakuran da ke mayar da kwikwiyo mai cizon 'yan gida

Mutum zai sayo kwikwiyo don gadin gida, ya biya kuɗi masu tsoka, bayan wata takwas sai ka ji karen ya yagi ɗan masu gida a ƙafa. Nan da nan a ce mugun iri ne. A yawancin gidajen da na ga haka ta faru, in ka bi diddigi, tsoro ne ya cika wa dabbar ciki, kuma mutanen gidan ne suka dasa shi da hannunsu ba su sani ba.

Ɓarnar takan fara tun ranar ciniki. Mai sayarwa yana zumuɗin kuɗi, sai ya raba kwikwiyo da uwarsa yana ɗan sati huɗu ko biyar. Alhali a cikin 'yan'uwansa yake koyon iyakar cizo: in ya danna haƙori da ƙarfi, ɗan'uwan ya yi ƙara ya bar wasan, gobe sai ya sassauta. Kada ka karɓi wanda bai cika sati 8 ba, ko da an yi maka ragi. In ka riga ka karɓa, aikin uwar ya dawo kanka. Duk sa'ad da haƙorinsa ya taɓa fatarka, janye hannu, tashi ka ba shi baya na ɗan lokaci, ka dawo masa da abin tauna, kamar igiya mai kauri da aka ƙuƙƙulla. Wajen wata 4 haƙoransa na nono ke zubewa, na girma guda 42 su gama fitowa wajen wata 6 zuwa 7. A wannan tsakanin dasashinsa ƙaiƙayi yake yi, ba makawa sai ya tauna wani abu.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne kulle. An gaji wata magana cewa in kana son kare ya yi zafi, ka rufe shi a keji kada ya ga kowa, sai dare a sake shi. Wasu har barkono suke barbaɗa masa a abinci. Ka duba lamarin: dabba a cikin kejin kwano, a zafin watan Afrilu, ruwan shansa ya yi ɗumi tun hantsi, ba ya ganin kowa sai mai miƙo kwano. Abin da zai fito daga nan kare ne da ke ganin kowane motsi a matsayin hari, kuma mai irin wannan hali ba ya bambance ɓarawo da yarinyar da ta fito yin fitsari da dare. Barkonon kuwa ciwon ciki kawai yake sa masa. Sarƙa gajera da ake ɗaure shi da ita a gindin bishiya ita ma haka take, don wanda ba shi da hanyar gudu cizo kaɗai ya rage masa.

Gyaran yana da lokacinsa. Daga sati 3 zuwa wajen sati 14 ne kwikwiyo ke karɓar sabon abu cikin sauƙi, bayan nan sai ya fara ɗari-ɗari da abin da bai sani ba. A waɗannan makonni ka zauna da shi a zaure ko ƙofar gida. Ya ga mai ruwa yana turo kura, ya ga almajiri da ƙoƙonsa, mace mai hijabi, dattijo mai babbar riga da sanda, akuya, kaji, babur, ya ji ƙarar janareta. Duk abin da ya kalla bai firgita ba, ka ba shi ɗan guntun nama. In ya ja da baya, kada ka tura shi. Ƙara nisa, gobe a sake. Sai dai kafin ya gama alluransa kada ka bar shi yana shinshinar kashin karnukan titi, saboda cutar nan mai sa amai da zawon jini da ke kashe kwikwiyoyi.

Na san za a ce, in ya saba da kowa, wa zai yi gadin? Ai karen da ya san yadda gidan yake kullum shi ke gane ranar da wani abu ya sauya. Dubi karnukan 'yan farauta, suna ratsa gari a bayan masu su ba su taɓa kowa, amma a daji ba sa wasa. Son tsare gida da kansa yake zuwa in kare ya balaga.

Sai dukan gurnani. Kare ya yi gurnani, maigida ya zaro bulala, wai kada ya raina shi. Gurnani kashedi ne. Kafin ya kai can ma ya nuna alamu: ya kau da kai, ya lashi baki, ya kwantar da kunne, jikinsa ya sandare. In ka dake shi a kan gurnanin, abin da ya tsorata shi yana nan, kashedin kawai ka kashe, ranar da zai yi cizo ba wanda zai ji sanarwa. Ka tsaya, ka ja da baya, ka nemo dalili. Sau da yawa kwanon abinci ne, don an saba fizge masa shi wai ana gwada biyayya. Daina fizgewa. Riƙa wucewa daga nesa yana ci, kana jefa masa abin da ya fi na kwanon daɗi, kana matsowa kaɗan-kaɗan cikin kwanaki, har ya fahimci zuwanka ƙari yake kawowa.

Duka a kan ɓarnar da aka yi tun safe kuwa aikin banza ne. Ba ya haɗa bulalar yamma da tabarmar da ya yaga da hantsi.

Yara ma da nasu. Jifa, jan wutsiya, hawa bayansa, tashinsa daga barci, duk a hana, har 'ya'yan maƙwabta da ke tsokanarsa ta ƙasan ƙofa. Kada a bar ƙaramin yaro da kare su kaɗai, komai sanyin halin karen. Gidan kuma ya zama baki ɗaya: kalmar da uba ke cewa in yana son ya zauna, ita kowa zai faɗa. Minti biyar na koyarwa sau biyu ko uku a yini, da tafiya da igiya safe da yamma, sun fi awa guda ta tsawa.

Akwai kuma ɗaukar rashin lafiya a matsayin mugun hali. Karen da ƙudaje suka cinye wa kunne, ko kaska ta cika shi, ko ƙaya ta shige masa ƙafa, zai iya kai cizo in an taɓa wurin. In halinsa ya sauya farat ɗaya, likitan dabbobi za a nufa. In kuwa yana dalalar da miyau, muryarsa ta canja, yana cizon itace da ƙarfe, to a kulle shi kada kowa ya kusance shi, don alamun haukan kare ne, cutar da in ta bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Allurar rigakafinta ana yi wa kwikwiyo yana wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato ta daɗe tana haɗa ta. Wanda aka ciza, ko da kwikwiyon gida ne ya cije shi, a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya shafa toka ko gashin karen. Karen kuma a tsare shi kwana 10 ana lura da shi, amma allurar wanda aka ciza ba ta jiran kwanakin su cika.