Yadda Mai Bi Zai Ɗauki Laifinsa a Gaban Allah da Mutane

Duk wanda ya taɓa zama wurin sulhu tare da dattawan ikilisiya ya san maganar da ta fi saurin fita daga bakin mai laifi, wato "sharrin Shaiɗan ne". Wani ya ce tsautsayi ne, wani kuma ya jingina abin ga talauci ko ga maƙiya. Wannan hali tsoho ne ƙwarai, domin a Farawa 3:12 Adamu ya ɗora wa Hawwa'u laifi, har ya haɗa da Allah wanda ya ba shi ita. Haruna ma, da Musa ya titsiye shi a kan gunki, cewa ya yi zinariya ya jefa a wuta sai ga ɗan maraƙi ya fito (Fitowa 32:24), kamar ba hannunsa ne ya ƙera shi ba. Shaiɗan yana jarabtar mutum, babu musu, amma Yakubu 1:14 ya nuna cewa sha'awar mutum ce take jan sa, saboda haka aikin gyara daga kanka zai fara.

Da fari, ka keɓe kanka, ka kira laifin da sunansa a cikin addu'a. Addu'ar "ka gafarta mana dukan zunubanmu" tana da wurinta a sujadar jama'a, amma ba ta isa ba ga wanda ya san abin da ya aikata. Ka faɗi abin filla-filla: na ci kuɗin amana, na yi wa maƙwabcina ƙage, na zagi matata a gaban 'ya'yanta. Sa'ad da annabi Natan ya tunkari Dawuda a kan matar Uriya, sarkin bai kawo hanzari ko ɗaya ba, sai ya ce ya yi wa Ubangiji zunubi (2 Sama'ila 12:13). Sarki Saul kuwa ya amsa laifinsa, amma ya liƙa masa wutsiya, ya ce tsoron jama'a ne ya sa shi. Ka karanta Zabura 51 a hankali, ka lura da yawan wuraren da Dawuda ya ce laifina da zunubina.

Daga nan sai ka tafi wurin wanda ka cuta, kuma a ganina nan ne yawancinmu muke cijewa, domin durƙusawa gaban Allah a ɗaka ya fi sauƙi a kan yin sallama a ƙofar wanda ka ɓata wa rai. Yesu ya ce idan kana miƙa baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon a gaban bagade, ka je ku shirya tukuna (Matiyu 5:23-24). Ka tafi da ƙafarka, kada ka aika saƙon waya. Ka guji "idan na yi maka laifi", domin wannan "idan" tana mayar da roƙon gafara ya zama musu, ka kuma guji "amma kai ma". Laifi tudu ne, mutum yakan taka nasa ya hango na wani, kuma ranar ba ranar hango nasa ba ce. Idan kana tsoron magana za ta yi zafi, ka roƙi dattijo ɗaya mai riƙon asiri ya raka ka.

Sai kuma biyan abin da aka ɓata, wanda ake yawan tsallakewa da sunan alheri. Littafin Firistoci 6:1-5 ya umarci wanda ya ci ajiya ya mayar da ita, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai. Zakka mai karɓar haraji ya wuce haka, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta (Luka 19:8). A ce uwar adashe ta taɓa naira 50,000 na matan unguwa ta biya kuɗin asibiti. Dalilinta abin tausayi ne, amma kuɗin ba nata ba ne. Abin da ya kamace ta shi ne ta tara matan kafin ranar kwasa, ta faɗi adadin da bakinta, ta yanka abin da za ta iya kawowa kowane mako ko da naira 2,000 ne, a rubuta a gaban shaidu. Idan suna ne ka ɓata, ka gyara maganar a gaban mutanen da suka ji ta daga bakinka.

Kada ɗaukar laifi ya kai ka ga fid da zuciya. Yahuza wanda ya ci amanar Yesu ya mayar da azurfa 30 da aka biya shi, ya ce ya yi zunubi, amma bai koma ga Ubangiji ba, alhali Bitrus da ya yi musun sanin Yesu sau uku ya yi kuka mai zafi, aka kuma sake ba shi aikin kiwon tumaki. Alkawarin 1 Yahaya 1:9 tabbatacce ne ga mai furta zunubinsa. Wanda ka cuta yana iya ƙin saurarenka, kuma ba ka da ikon tilasta masa yafiya. Ka biya abin da ke kanka, ka ba shi lokaci. Idan ya riga ya rasu, ka kai haƙƙin ga magadansa, in kuwa babu su, Littafin Ƙidaya 5:8 ya ce a miƙa shi ga Ubangiji, don haka sai ka shawarci fastonka a kan inda za a kai shi.