Yadda za ka koma fili bayan doguwar jinya, ga ƙannena 'yan ƙwallon kwando

Ranar 9 ga Janairu 2022 Klay Thompson, ɗan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ya koma fili ya buga wa Golden State wasa da Cleveland, bayan kwana 941 bai taka ba, ka lissafa da kanka, sama da shekara biyu da rabi kenan. Jijiyar gwiwarsa ta hagu ce ta fara tsinkewa a Yuni 2019, a daren da Toronto ta ɗauki kofin NBA, mu nan Kaduna da muka hana idonmu barci muna ta murna saboda ɗan Zariya Masai Ujiri ne shugaban ƙungiyar a lokacin, shi kuma Klay bawan Allah ashe jinya ce ta fara. Ya yi wata 17 yana fama, ana cewa ya kusa dawowa, sai a Nuwamba 2020 agarar ƙafarsa ta dama ta tsinke, aka koma farko. Ranar da ya dawo minti 20 kawai aka ba shi ya ci maki 17, kuma a shekarar suka ɗauki kofi.

Ni ma gwiwa ce ta zaunar da ni, a wani filin siminti na unguwa, na yi tsalle na sauka ƙafar ta murɗe na ji ƙas. Aka kai ni wajen mai ɗori ya ja ya ɗaure, kumburi ya saɓe, wata huɗu na ce na warke na koma, sati na uku gwiwar ta sake zamewa ta haɗa da guringuntsi. Shi ya sa duk yaron da na gani a Murtala Square ko filin wasa na Ahmadu Bello yana ɗingishi da bandeji a gwiwa yana cewa koci saka ni, wallahi raina ɓaci yake. Ciwo ya daina daban, ƙafa ta warke daban, kuma bambancin nan aunawa ake yi, ba a jin sa a jiki.

Mu fara daga ranar da abin ya faru. In ka ji ƙara a gwiwa, ta kumbura cikin 'yan awoyi, kana takawa kana jin kamar za ta gudu ta bar ka, to ka ɗauka jijiyar da likitoci ke cewa ACL ce har sai an duba an ce ba ita ba. In kuma ka ji kamar wani ya harbe ka da ƙafa ta bayan dunduniya, ka waiga ba kowa, kuma ka kasa ɗagawa a kan yatsu, agara ce. Kar ka yarda abokai su kama ƙafar suna ja wai su gyara targaɗe, a ɗauke ka a fitar da kai, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, ka ɗaga ƙafar a kan filo. Kuma don Allah kar iya tafiya ta ruɗe ka, Kobe Bryant a 2013 agararsa a tsinke ya tsaya ya jefa ƙwallo biyu suka shiga sannan ya taka ya fita da ƙafarsa.

Daga nan sai asibiti, wajen likitan ƙashi. A nan mutanenmu suka fi yin kuskure, a ɗauki hoton ƙashi a ga ba karaya sai a ce alhamdulillahi targaɗe ne a koma gida, alhali wannan hoton ƙashi kawai yake nunawa, jijiya da guringuntsi sai hoton MRI. Ban raina masu ɗori ba, iyayenmu ne, amma jijiyar da ta tsinke a can cikin gwiwa hannu ba ya kai mata, ja da murza sai dai su ƙara ɓarna. Muna da Barau Dikko a cikin gari, ga asibitin sojoji na 44, ga Shika a Zariya, ga asibitin ƙashi na Dala a Kano wanda aikinsu kenan. In kana da kulob, tun ranar ka sa a rubuta cewa a wasa ko a atisaye ka ji ciwon, ka zauna da su a kan wa zai biya, a takarda, kar a bar shi a baki, don jinyar nan doguwa ce kuma kuɗin fisiyo, wato atisayen farfaɗo da ƙafa a hannun ƙwararre, na wata da watanni shi ne yake karya mutane ba kuɗin tiyata kaɗai ba.

Ba kowace tsinkewa ake yi wa aiki ba, wannan hukuncin likita ne da kai, sai dai wasanmu na juyi ne da birki da tsalle, shi ya sa yawancin masu son komawa gasa aiki ake musu, a ciro jijiya daga gaban gwiwa ko bayan cinya a dasa a madadin wadda ta tsinke. Aikin ACL ba a cika gaggawarsa ba, an fi so kumburi ya sauka, ƙafa ta miƙe, cinya ta yi ɗan ƙarfi tukuna, don haka fisiyo tun kafin aiki ake fara shi. Ita agara kuwa ba ta son jira, cikin kwanakin farko ya kamata likita ya gan ka.

Bayan aikin gwiwa, makonnin farko ba abin burgewa a ciki, aiki biyu ne a gabanka. Na ɗaya ƙafa ta miƙe sambal kamar 'yar uwarta, ka kwanta ka ɗora dunduniya a kan tawul da aka naɗe, ka bar gwiwar a sake tana sauka da nauyinta, akwai zafi, amma in ka yi sakaci ta ƙage a lanƙwashe ɗingishin zai daɗe tare da kai. Kuma kar ka riƙa tura filo ƙarƙashin gwiwa don jin daɗin barci, shi ke ƙagar da ita. Na biyu ka tashi naman cinya daga barci, ka matse shi ka ƙirga biyar ka saki, sau da yawa a rana. Ni da aka yi min aikin daga baya, na ari tef ɗin awo na tela a layinmu, na sa alama da biro a saman ƙoƙon gwiwa, duk Juma'a in auna cinyar nan biyu a wuri ɗaya in rubuta a bayan wani tsohon littafi. Ranar farko da na ga yadda ta hagu ta tsotse kamar ba tawa ba sai da na yi hawaye, amma littafin nan shi ya riƙe ni, don ranar da zuciya ta ce ba ka ci gaba, lamba tana nuna maka kana ci.

Akwai abubuwan da Klay bai yi fama da su ba mu kuma kullum ne. Sallah, ka yi ta a kan kujera har likita ya ce za ka iya durƙuso, addini ya ba ka wannan sauƙin, kar kunyar mutanen masallaci ta sa ka danne gwiwa a zaman tahiya. Banɗaki na tsuguno, ka nemi kujerar da aka huda ko na zama. Hawa mashin ka haƙura da shi tukuna, faɗuwa ɗaya ta isa ta rushe aikin, ka shiga keke ka miƙe ƙafa. Tabarma ma tashi daga kanta aiki ne, ka koma gado.

Sai hawa tsani, kuma ba a tsallake mataki. Tafiya ba sanda ba ɗingishi, sannan keken motsa jiki na tsaye, sannan ɗaga nauyi, tsuguno da ƙafa biyu, hawa benci da sauka, daga baya da ƙafa ɗaya. Gudu a miƙe yawanci sai wajen wata uku zuwa huɗu, shi ma in cinya ta yi ƙarfi kuma ba kumburi. Bayan gudu sai koyon tsalle, ko in ce koyon sauka, don a sauka ake jin ciwon, ka tsaya gaban madubi ko aboki ya ɗauke ka bidiyo da waya, ka sauka a tausashe, gwiwa a lanƙwashe tana kallon yatsu, in ka ga tana faɗawa ciki to ba ka shirya ba. Sannan juyi da birki kai kaɗai, sannan da mutum a gabanka ba gogayya, sannan ɗaya da ɗaya, uku da uku, biyar da biyar a ƙarshe. Alƙalinka a kowane mataki shi ne safiyar gobe, in ka tashi gwiwa ta kumbura ko ta yi ɗumi, jiya ka zarce, ka koma baya mataki ɗaya na 'yan kwanaki. Duk wannan da mai fisiyo ake yi, ko sau ɗaya a sati ne in aljihu bai kai ba, ya rubuta maka na gida.

Kuma ba a ce ka rabu da ƙwallo ba. Ka zauna a kujera ƙarƙashin kwando ka yi ta jifa, ka yi ta buga ƙwallo da hannun da ba ka iya ba, ka je atisaye ka zauna kusa da koci ka ga wasan da idonsa. Da yawa suna dawowa hannunsu ya fi da.

Yanzu maganar da ta fi kowacce, yaushe za ka koma gasa. A wata na biyar ko na shida za ka ji garau, nan ne tarkon, don jijiyar da aka dasa tana ɗaukar lokaci kafin ta zama ta wurin, ba ta san kana jin daɗi ba. Masana sun fi tsayawa a kan wata tara zuwa sama, kuma watan kaɗai bai isa ba sai ka ci jarabawa, ƙarfin cinyar da aka yi wa aiki ya kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na lafiyayyar, haka tsalle da ƙafa ɗaya, ka yi da wannan a auna nisa, ka yi da waccan a auna, a yi guda ɗaya a yi uku a jere. Alli da tef sun isa a yi wannan a kowane fili a Kaduna. In lafiyayyar ta yi santimita 180 ɗayar ta tsaya a 140, ko wasan ƙarshe ne gobe ba ka ciki.

Za a matsa maka, wannan ka sa a ranka. Koci zai ce minti biyar kawai, abokai za su ce ka cika tsoro, wani ma ya ce an ƙwace maka lamba. Derrick Rose, wanda ya zama gwarzon NBA a 2011 yana shekara 22, ya tsinke jijiya a Afrilu 2012, ya ƙi komawa duk kakar da ta biyo saboda bai yarda da ƙafar ba, aka yi ta zaginsa a garinsu Chicago. Kevin Durant kuma ya yi wajen wata guda yana jinyar sha-raɓa a 2019, ya dawo a wasa na biyar na zagayen ƙarshe na cin kofi, minti 12 ya buga agarar wannan ƙafar ta tsinke, sai Disamba 2020 aka sake ganinsa a fili. Waɗannan masu likitoci ne a gindinsu, kai da kake biya daga aljihun babanka ko na yayanka ka fi su buƙatar taka-tsantsan.

Kar ka sha tiramol ko ka karɓi allurar kashe zafi don ka buga wasa, zafin nan shi ke gaya maka ka tsaya, in ka toshe masa baki ɓarnar ba ta tsaya ba. Ka ci abin gina jiki, ƙwai, wake, awara, kifi, nono, nama in ya samu, a rarraba a yini, ka rage lemon kwalba don kowane kilo da ka ƙara gwiwa ce za ta ɗauka. Sigari na hana rauni warkewa da wuri. Ka yi barci sosai. In azumi ya same ka a ciki ka mayar da atisaye mai nauyi bayan shan ruwa.

Sai zuciya, wadda ba a cika maganarta ba. Akwai ranakun da za ka ga hotunan abokanka sun tafi gasa kai kana ɗaki da sanda, ka ji duniya ta yi maka ƙunci, ka nemi mutum ɗaya da za ka riƙa gaya wa gaskiya, in abin ya kai ba ka barci ba ka cin abinci ka gaya wa likita, ba abin kunya ba ne. Tsoron sauka ma gaskiya ne, ni sai da na yi makonni ina zuwa daidai inda na faɗi ina tsalle kaɗan kaɗan kafin ƙafata ta yarda da wurin. Kuma ka yarda wataƙila ba irin wasanka na da za ka dawo da shi ba. Shaun Livingston a 2007 gwiwarsa ta wargaje har aka yi maganar yiwuwar yanke ƙafar, ya yi shekaru yana yawo daga kulob zuwa kulob, ya koma wasan natsuwa da jifa daga kusa, da haka ya ɗauki kofi uku da Golden State, 2015 da 2017 da 2018.

Ranar da aka sallame ka, ka zauna da koci ku yanke minti kafin wasa, 10 zuwa 15 a rarrabe, in sun cika ka fito ko ana cin ku, a riƙa ƙarawa sati sati. Kar ka buga kwana biyu a jere a watannin farko. Ka fi yawan atisaye a kan katako in ka samu, simintin unguwa ka rage shi, ka duba ƙasan takalminka in ya suɗe ka canza, ka share yashi kafin a fara musamman lokacin hunturu da ƙura ke kwanciya a fili. Ɗumama jiki minti 15 kullum, ɗaga nauyi sau biyu a sati ko ana tsakiyar gasa, kuma ƙafa biyun duka, don ita lafiyayyar ta yi wata tara tana ɗaukar kayan biyu, kuma ka tuna ta Klay ta biyu a ɗaya ƙafar ta zo.